Gadajen Gefen Taga

Watan jiya wata tsohuwar abokiyar aikina, wadda yanzu ke koyarwa a wata makarantar koyon jinya a Kamazou, ta roƙe ni in je in yi wa ɗalibanta magana. Ko zama ban gama yi ba wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Mama, ni ban ga abin da za a auna a aikin nas ba. Likita ya rubuta, mu mu bayar. Allura ce da ƙwaya." Sauran suka yi dariya, amma na ga yawancinsu ra'ayinsu ke nan. Lokacin da aka ba ni bai isa in ba ta amsa ba, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan.

Sunana Rifkatu. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina aikin jinya, yawanci a ɗakin maza na wani asibiti da ke tsakanin Kakuri da Makera. Na fara tun masaƙu na aiki, lokacin da idan an tashi ma'aikata titi ke cika da kekuna har ba wurin taka ƙafa.

Majinyacin da aka fara damƙa mini shi ne Baba Danladi, wani manomi daga Kakau. A gonar doya ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya ɗauke, sai dai ya bi ka da ido. Kwana uku ina kansa. Na auna zafin jiki, na ƙirga bugun jini, na ba da magani a kan lokaci, na cika fayil da rubutu mai kyau kamar na mai neman aiki. A rana ta huɗu Metiron Laraba ta shigo zagaye. Ita ce shugabar ma'aikatan jinya a asibitin, gajeriyar mace mai ƙaramar murya, wadda likitoci ma kan gyara tsayuwa in ta shigo. Na miƙa mata fayil ina jiran yabo. Ba ta karɓa ba. Ta gaida Baba, ta nemi izininsa duk da ta san ba zai amsa ba, ta ce in riƙe kafaɗarsa, muka juya shi gefe. A ƙasan bayansa, daidai inda ƙashi ke danne katifa, ta nuna mini wani wuri da bai fi faɗin murfin kwalba ba. Ni ban ga komai ba. Sai ta kama ɗan yatsana ta ɗora a kai. Wurin ya fi kewayensa ɗumi, ya fi tauri, da na ƙura ido sai na ga ya fi duhu yana ɗan sheƙi. Ta ce a littattafan da muka karanta an ce wurin ja yake yi, amma a fatarmu duhu yake ƙarawa, kuma wanda ya tsaya jiran ja zai tarar da rami.

"Yaushe kika juya shi?" ta tambaye ni.

Na ce da safe, lokacin gyaran gado.

"Fayil ɗinki ya ce yana lafiya. Bayansa ya ce kwana uku babu nas a ɗakin nan. Wanne zan yarda da shi?"

Ran nan na fara sanin gyambon kwanciya, kuma ran nan na fara ganin littafinta. Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, mai kauri, ta ja masa layuka da rula. Ba hukuma ce ta sa ta ba, babu wanda ke zuwa dubawa. Layi ɗaya na wanda ya samu gyambo a hannunmu, ɗaya na wanda ya faɗo daga gado ko a banɗaki, ɗaya na wanda wurin ƙarin ruwa ya kumbura masa, ɗaya na raunin da ya zo da tsabta ya yi mugunya a wurinmu. Na ƙarshe kuma na wanda aka sallama ya dawo da ciwon da ya tafi da shi. Kowane da rana, da lambar gado, da sunan wadda ke kan aiki. Na tambaye ta amfanin rubuta abin kunya, tun da duk muna gani da idonmu. Ta ce gaskiya ne ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai ido yana mantuwa, kuma yana da kara, ba ya son tuna laifin mai shi.

Ta yanko kwali ta zana fuskar agogo, ta liƙa a kan gadon Baba Danladi: ƙarfe takwas gefen hagu, ƙarfe goma rigingine, sha biyu gefen dama, haka har a zagayo. Duk wadda ta juya shi sai ta sa hannu a takarda. Muka koya wa matarsa yadda ake cusa matashi tsakanin gwiwoyi, da yadda ake ɗaga dunduniya kada ta taɓa katifa, da yadda ake jan zanen gado ya miƙe, domin ninki ɗaya a zane ya isa ya yanka fatar wanda ba ya motsi. Wata uku dattijon nan ya yi a kwance. Ranar da aka sallame shi Metiron ta tara mu, ta sa aka juya shi, ta ce mu duba. Fata lafiya lau daga ƙeya har dunduniya. Har yau in na tuna abin yana ba ni mamaki. Babu wata ƙwaya da ta yi wannan aikin, babu tiyata. Hannaye ne kawai suna zuwa duk bayan awa biyu. Da kaka ta zagayo sai ga shi da sanda, ɗansa na biye da doya a kai, ya zo ya ce "na gode" da karkataccen baki.

Kayan aikinmu a lokacin ba su da yawa. Agogon ƙirji mai hannun daƙiƙa, wanda ake maƙalawa a riga don kada ya jiƙe wajen wanke hannu. Ma'aunin zafi na gilas da ake yarfawa kafin a sa a hammata. Abin awon jini mai famfon roba. Almakashi mai dakusasshen baki a aljihu, biro ja da shuɗi. Sai turolin wankin ciwo, da hantsaki, da 'yan kwanonin ƙarfe, da auduga da bandeji, da tukunyar da ake dafa ƙarafan a ciki. Metiron ta kan ce hanci ma kayan aiki ne. Kafin ta kai tsakiyar ɗaki za ta ce a buɗe mata bandejin gado kaza, kuma in an buɗe sai a tarar da abin da ta shaƙo.

Masu jinya, wato dangin da ke zama da marar lafiya, su ma ta mayar da su ma'auni. Na taɓa ganin ta zauna a benci da wata 'yar kasuwa da ke jinyar mijinta, suna ɓare gyaɗa, tana tambayarta: in kin kira nas, har yaushe kafin a zo? An gaya miki sunan maganin da ake ba shi? Wa ke amsa gaisuwa, wa ke wucewa? Matar ta faɗi abin da mu ba za mu taɓa rubutawa a rahoto ba. Ku sani, mai jinya zai iya zagin ku, zai iya shafa wa rauni garin magani a ɓoye, zai iya ba wanda za a yi wa tiyata kunu don tausayi. Amma shi ne ke wurin lokacin da ba kwa nan, kuma ba ya mantawa.

Sai shekarar da ba na so in tuna, amma saboda ita nake wannan rubutu. Masaƙu sun rufe, maza da yawa suka koma acaɓa ba tare da sun iya babur sosai ba, ɗakinmu ya cika da karaya da ƙujewa. A daidai lokacin ƙwararrun ma'aikatanmu suka riƙa tafiya ƙasashen waje ɗaya bayan ɗaya, ba a kawo madadinsu ba. Aikin safe da muke yi mu biyar ya koma mu biyu. Ɗakin layi biyu ne na gadaje, gefen ƙofa da gefen taga. Muka raba: abokiyar aikina ta ɗauki gefen ƙofa, ni na ɗauki gefen taga.

Malam Idi ɗan acaɓa ne daga Makera, tsohon ma'aikacin masaƙa, mai 'ya'ya huɗu. Mota ta buge shi ƙashin ƙaurinsa ya ɓullo waje. Aka shiga da shi tiyata, aka wanke, aka gyara, aka kwantar da shi a gefena. Kwanakin farko raunin ya yi kyau. Daga nan ya fara ruwa, ya fara wari, zazzaɓi ya ƙi sauka. Aka canza allura, aka koma tiyata aka kankare, abin ya ci ya shiga ƙashi. A ƙarshe likita ya kira 'yan'uwan Malam Idi ya ce in ba a yanke daga ƙasan gwiwa ba za a rasa shi gaba ɗaya. Aka yanke. Ba shi kaɗai ba ne rauninsa ya yi mugunya a watannin nan, shi ne dai nasa ya fi muni. Likita ya ce 'yan tiyata ne ba sa dafa kaya sosai. 'Yan tiyata suka ce magungunan jabu ne suka cika gari. Mu kuma muka ce masu jinya ne ke taɓa bandeji. Kowa da wanda yake nunawa, kuma kowa yana da 'yar gaskiyarsa.

Ana cikin haka aka kawo Oga Emeka, bakanike daga Kakuri. Jak ne ya zame mota ta sauko masa a ƙafa. Aka sa masa ƙarfe, ɗinki ya yi tsaf. Mutum ne mai barkwanci, Hausarsa gauraye da Turancin kasuwa, duk ɗakin ya san shi. A kwana na biyar da na buɗe bandeji na ga bakin ɗinkin ya kumbura, ɗigon ruwa ya tsattsafo. Ya kalli fuskata, ya kalli gadon Malam Idi da ke kusa da nasa, dariyar ta ɗauke.

"Sista," ya ce, "ƙafar nan da ita nake taka kuloci. Da ita yarana ke cin abinci. Abeg."

Ranar Lahadi bayan an taso coci Metiron Laraba ta shigo da kayan sujadarta, a lokacin saura mata 'yan watanni ta yi ritaya. Ta zauna a teburin nas-nas ta buɗe littafinta, ta samu farar takarda ta zana ɗakin, kowane gado da ɗan akwatinsa. Ta bi layin raunukan da suka yi mugunya tun farkon damina, duk wanda ta karanta sai ta ɗiga jan biro a gadonsa. Ina tsaye a bayanta. Tun kafin ta gama na ga abin da takardar ke faɗa. Gefen ƙofa ɗigo ɗaya ne ko biyu. Gefen taga ya yi ja kamar an watsa barkono. Tiyata ɗaya aka yi musu duka, magani ɗaya suke sha, masu jinyarsu iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne hannun da ke wanke ciwon. Ta ninke takardar ta ce gobe za ta bi ni wankin ciwo, in yi yadda na saba, kada in canza komai don tana wurin.

Washegari ta biyo ni hannunta a baya. Na fara daga gadon farko kamar kullum, inda wani dattijo mai ciwon suga yake kwance da tsohon gyambo a tafin ƙafa, gyambon da ya daɗe yana mugunya. Daga shi na wuce na biyu, na uku, a jere. Famfon da ke gefen taga ya mutu tun bazara, famfon da ke aiki yana can bakin ƙofa, don haka sai in canza safar hannu kawai in ci gaba, in safar ta yi ƙaranci in goge da sinadari. Hantsaki kuwa, lokacin da muke mu biyar akwai mai kwashewa ta kai tukunya ta kawo dafaffe. Da muka koma mu biyu sai na riƙa tsoma su a kwanon ruwan magani tsakanin gado da gado, don in gama kafin likita ya shigo zagaye. Ban san ranar da na fara haka ba. A hankali abin ya shigo har ya zama shi ne aikin. Abokiyar aikina ba ta fi ni kula ba, famfo da ɗakin tukunya ne ke bayanta, taku biyar.

A gado na huɗu Metiron ta dafa turolin ta ce ya isa. Muka shiga ofishinta ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce na ɗebo cuta daga gadon farko na raba wa sauran kamar mai rabon sadaka, kuma laifin nata ne kafin nawa, domin littafin yana hannunta duk watannin nan tana rubutawa ba ta zauna ta karanta ba. Na ce mata likita ya faɗa cewa raunin Malam Idi da ƙasar titi ya zo, mai yiwuwa ko da me aka yi sai ya ruɓe.

"Mai yiwuwa," ta ce. "Babu mai iya rantsuwa. Amma ki rubuta abin da muka gani yau, da hannunki, ki sa sunanki, ni ma in sa nawa."

Na rubuta.

Gyaran bai ci wani abin kirki ba. Aka samo bokiti mai famfo a gindi aka ɗora a ƙasan turoli da sabulu, ana wanke hannu a gaban kowane gado, majinyaci na kallo. Aka juya tsarin: sabon ɗinki mai tsabta shi ne farko, tsohon gyambo shi ne ƙarshe, ko da gadonsa ne a bakin layi. Kowane rauni da nasa dafaffen hantsakin a naɗe, in sun ƙare a tsaya a dafa, likita ya jira. Dattijon mai suga aka mayar da shi ƙarshen ɗaki da nasa kwanonin daban. Sannan Metiron ta ɗauki takardar nan mai jan ɗigo ta kai wa shugaban asibiti. Watanni muna kukan ƙarancin ma'aikata ana ce mana a yi haƙuri. Da ya ga takardar ya daɗe yana kallo. A makon aka gyara famfon, aka ɗauko nas ɗaya daga wani sashe aka ba mu.

Raunin Oga Emeka sau biyu a rana nake wanke shi. An warware zare biyu don ruwan ya samu hanya, an canza masa allura. Kullum sai in auna faɗin kumburin da rula in zana iyakarsa da biro a fatarsa, shi ma ya riƙa leƙawa yana cewa yau layin ya ja baya ko bai ja ba. Kwana uku bai motsa ba. A na huɗu kumburin ya sauka ƙasa da zanen, zazzaɓi ya faɗi. Bayan mako biyu sai ga jan nama sabo yana tasowa daga ƙasan ramin, ƙwaya-ƙwaya, yana cike wurin da kansa. Na ga wannan sau ba adadi a rayuwata, kuma ban taɓa sabawa da shi ba. Mu dai muna share hanya ne, ginin kuwa Allah ke yi. Da ƙafarsa ya fita, yana ɗingishi yana tsokanar kowa. Layin mugunya a littafin kuwa ya riƙa yin fari, mako ya bi mako, har muka buɗe sabon shafi babu abin rubutawa. Metiron ta kira mu ta nuna mana farin shafin ta ce mu kalle shi da kyau, aikinmu ke nan in ya yi kyau, babu abin gani.

Da ta yi ritaya ni ta bar wa littafin, na ci gaba da shi har nawa lokacin ya zo. Yanzu ku kuna da fom-fom da aka buga, wasu wuraren har da kwamfuta, ana zuwa daga sama a duba. Abu ne mai kyau, da mun samu haka da mun gode. Amma na ga yadda wasu ke yi: a bari sai an kusa tashi aiki a zauna a cike awon yini guda da ka, kowa zafinsa daidai, kowa an juya shi. Wanda ya yi haka ya toshe bakin abu ɗaya da zai iya gaya masa gaskiya ranar da hannunsa ya fara cutar da mutane bai sani ba. Ni ban yi sakaci da gangan ba, ina cikin masu ƙoƙari a asibitin nan, kowa zai shaida. Duk da haka sai da takarda ta nuna mini.

Shekaru bayan haka, wata ranar Asabar da hantsi, ina wucewa ta kasuwar Makera na ji an ce, "Sista Rifkatu." Malam Idi ne a kan benci, sandunansa jingine da bango, gabansa tebur cike da lemo da ayaba. Ya yi furfura. Ya matsa mini wuri, ya tambayi iyali, ya ce babbar 'yarsa ta yi aure, ya shiga yi mini godiya yana gaya wa maƙwabcinsa cewa wannan ce ta yi ta fama da ƙafarsa. Na bari ya gama. Sannan na gaya masa komai, famfon da hantsakin da takardar Metiron, na ce ban sani ba ko da ƙafar za ta tsira, amma hannuna yana ciki.

Ya ɗauki lemo ya shiga fere shi da 'yar wuƙarsa, ɓawon na sauka zare ɗaya bai tsinke ba. Sai da ya kai ƙarshe ya ɗago.

"Bayan ni, an sake yanke wa wani a ɗakin nan saboda wannan?"

Na ce a'a, har na bar aiki ba a sake ba.

Ya gyaɗa kai a hankali. "To, alhamdu lillahi. Ashe ba a banza ta tafi ba."

Ya yanke kan lemon ya miƙo mini, ya juya ga wata mata da ke tambayar ayaba.